Rumfar Inabin Mu'azu Direba

Duk unguwar Chaza da ke Suleja babu mai inabi sai Mu'azu direba. Shekara ashirin da shida ke nan da ya baro Zariya ya kama jigilar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja, kuma a zuwansa gida na farko ya dawo da ɗan reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Mutane suka ce ruwan Suleja ya yi wa inabi yawa. Ya kafa rumfar ƙarfe a tsakar gida, ya ja waya, ya dinga kama reshen yana nuna masa hanya har ya rufe rumfar ruf.

Aiki ɗaya ne ba ya bar wa kowa, shi ne aski, haka yake kiransa. Da damina ta ɗauke sai ya yayyaga tsohon zanen matarsa Zuwaira, ya bi rassan da suka ƙosa, masu kaurin fensir, ya ɗaura musu ƙyalle. Washegari ya hau da almakashi ya datse duk wanda ba shi da ƙyalle. In mai aski ya yi kuskure, wannan shekarar sai dai a sha inuwa.

Bana akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Tun azumi idonsa na dama yake gani dishi-dishi, na hagun ma ya fara bin sawu. Makon jiya a Gauraka sai da wata fasinja ta dafa kafaɗarsa kafin ya ga mai tura baro a gabansa. Ya san in Zuwaira ta ji, babban ɗansu Faruk da ke aikin jinya a Minna ya ji, kuma Faruk makullin motar zai karɓe. Ba yunwa Mu'azu yake tsoro ba, yaran sun tsaya musu. Tsoronsa ya koma tsohon da ake gaisarwa a wuce.

Ranar Juma'a da safe ya hau tsani don ɗaura ƙyallaye. Kore da ruwan ƙasa duk sun zame masa abu ɗaya, sai ya koma lalube, yana murza kowane reshe da yatsu. Zuwaira tana ƙasa tana tsintar shinkafa.

"Malam, yau ka daɗe a sama."

"Itacen ne ya yi yawa."

"Ko dai wanzamin ne ya tsufa?"

"In na tsufa, ke kika tsufar da ni."

Ta yi dariya, amma gajeriya. Ya sauko gumi ya jiƙa masa riga, ya tafi masallaci, daga can ya ɗauki lodin yamma, yana bin gefen titi a hankali, na bayansa suna ta danna masa hon.

Asabar ya hau da almakashi. Ya kai hannu ga ƙyallen farko, sai ya tsaya. Shi zarge yake yi, irin na ɗaurin kaya a bayan mota, ja ɗaya ya kwance. Wannan kuwa ƙulli biyu ne a kan juna, tamau, irin wanda ake yi wa ledar gishiri. Ya laluba na biyu, nasa ne. Na uku, ba nasa ba. Matar da ke sallah a zaune saboda gwiwa, ita ce ta hau tsanin nan ba mai riƙe mata.

"Maman Faruk, wa ya taɓa mini ƙyallaye?"

"Ni ce." Ba ta ɗago ba. "Bakwai ka ɗaura wa busassu."

Ya so ya ce rana ce ta kashe masa ido. Amma sai ya tambaye ta.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka wuce ni a bakin kasuwa ina ɗaga maka hannu. Da na ɗauka fushi kake."

"Kin gaya wa yaron?"

"Ban gaya masa ba. Ka ga inabi, in ka ɓata shi baɗi ya sake fitowa. Amma mutum shida kake ɗauka, Malam. Wata uku ke nan abinci ba ya wuce mini sai na ji ƙarar get ka dawo."

Shi a zatonsa shi kaɗai yake ɗauke da abin, ashe kullum tana ƙirga masa sa'o'i.

"To riƙe mini tsanin," ya ce. "Ki dinga faɗa mini."

Ta riƙe. "Ba wannan ba, na kusa da shi. Yauwa. Ƙara sama kaɗan."

Kafin azahar rumfar ta koma tsirara, ruwa na ɗiga daga bakin yankan. Ya sauko ya zauna a kan tabarma, ya zaro wayarsa, ya kai ta dab da fuska, sannan ya miƙa mata.

"Nemo mini shi."

Ta danna ta mayar masa. Wayar tana shiga, shi kuwa a ransa yana fatan Faruk yana wurin marasa lafiya. A ƙara ta huɗu aka ɗauka.

"Baba, barka da rana. Lafiya dai ko?"

Mu'azu ya gyara murya. "Kana da aiki ran Litinin? Ina so ka zo ka kai ni a duba mini ido."