Kaskon Sitti

Ku masu aikin gidaje yanzu, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda aka sa ni tonon kasko da cokalin shayi, maigida na tsaye a kaina.

Bayan an gama babban yaƙin Turawa na kama aiki a unguwar Misfala cikin Makka, gidan wani Babuhare, mutumin ƙasar Buhara, mai sayar da dardumai, muna ce masa Ammi Abdurrahim, wato baffa. A irin gidajen nan mai girki ce babba, sai mai kula da tsohuwa, sai mai wanki. Ni ce ta tsakiya. Mahaifiyarsa nake kula da ita, muna ce mata Sitti, wato kaka. Da wannan aiki nake riƙe da 'ya'yana uku a unguwar Tandabawi.

Sai Ammi ya yanke shawarar mayar da ita Jidda wurin ƙanwarsa. In ta tafi, nawa aikin ya ƙare. Ita kuma ba ta son nisa da Harami, amma ba ta yi masa musu ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani iri mai faɗi, kamar na barkono amma ja-ja. Ta ce irin wani furen daji ne na duwatsun ƙasarsu, lala sunansa. Ta roƙe shi ya bari ta shuka, ta ga furensa sau ɗaya, sai ya kai ta inda ya ga dama.

Shi ya bar ƙasar tun yana goye, bai san lala ba. Ya ɗauka kamar rihan ne, irin ɗoɗɗoyarmu, yau shuka, jibi ƙanshi. Ya ce ɗayyib, ya yarda, ya yi alkawari, har da ɗora hannu a ƙirji.

Ga yadda ake yi. A haɗa yashi da ƙasa a kasko, a watsa irin, a rufe shi sama-sama. Ba ya tsira sai ya sha sanyi, Makka kuwa kun san zafinta. Don haka da sanyi ya shigo muka ba masu kawo kayan lambu, suka hau da kaskon Ɗa'ifa, garin nan na kan dutse mai sanyi. Da ya dawo, ga wasu zarurruka kore, kowane iri ganye ɗaya tak, kamar albasar da ta yi jinya. Kullum Ammi sai ya tambaye ni yaya shuka take. In ce tana nan lafiya. Gaskiya na faɗa. Yaushe za ta yi fure, wannan bai tambaye ni ba, ni kuma ba a ɗauke ni aikin surutu ba.

Zafi na shigowa, zarurrukan suka bushe ƙurmus. Sitti ta hana ni zuba ruwa. Ran nan Ammi ya hawo soro, ya ga kasko fayau, ya ce shuka ta mutu, alkawari ya sauka, a fara ɗaure kaya.

Sitti ko gezau. Ta miƙo mini cokalin da take juya shayi, ta ce, "Rabi, tona a hankali, kada ki tashe su." Na tona, na tona, sai ga wani ɗan farin abu kamar ƙwayar dawa.

Ammi ya duƙa ya duba, ya ce mene ne wannan.

Ta ce, "Albasarsa ce, ya waladi, ɗana. Barci take. Baɗi ganye, baɗin baɗi ganye."

"Furen fa, ya ummi?"

"Na uwata ya kai shekara shida. Amma can akwai ƙanƙara, nan sai abin da Allah ya yi."

Ya juyo ya dube ni, wai ni ma na sani? Na ce, "Ammi, ni dai ban ruwa aka sa ni." Sai ya yi dariya har ya zauna a kan buhun gawayi. Ya sumbaci kan uwarsa, ya sauka. Daga shekarar nan shi yake biyan masu hawa da kaskon Ɗa'ifa.

Sitti ta cika a ɗakinta, tana jin kiran sallar Harami, lokacin babban ɗana har ya fara ɗinki a kasuwa. Furen kam ba mu taɓa ganinsa ba.

Abin da na koya, in kin shiga gida aiki, kada ki tsaya ga mai ba da umarni kawai. Ki lura da wadda ke magana a hankali, ki riƙe mata amana, in an tambaye ki ki amsa daidai abin da aka tambaya.