Mai Gadin Lemun Kaka

A shekarun da ake kulle Maiduguri tun kafin magariba, duniyarmu ba ta wuce tsakar gidanmu na unguwar Lamisula ba: murhun gawayi, tabarma, da bishiyar lemun tsamin Kaka. Autanta, Kawu Modu, a injin niƙa yake aiki. Kullum fari fat yake dawowa har gashin ido, mu yi ta tsokanarsa. Wata safiya aka zagaye unguwa aka kwashi samari a mota, har da shi. Tun ranar Kaka take shimfiɗa tabarmarta inda za ta hango ƙofa.

Wata rana muna jin ɗumi na tsinko ganyen lemu, na ga fararen ƙwari a bayansa, ƙwayar gero ma ta fi su girma. Na kai yatsa zan murtsuke su.

"Ke Yagana, hannunki ƙaiƙayi yake? Matso da ganyen kusa da wuta."

Kaka ta nuna mini. Wanda ya shimfiɗa fiffike ya lafe, shi ke tsotse ganye. Mai dogon gashin kai kuwa, wanda ya ɗaga fiffike kamar jinka yana kai-kawo, shi ke cinye maɓarnatan. Dukansu kamar an barbaɗa musu gari.

Daga nan tatsuniya ta taso, a hankali, tare da hayaƙin murhu. Wai da can ƙwaron nan mai dogon gashin kai baƙi ne, a gindin turmi yake zaune da uwarsa. Rannan ya ji bishiyar lemu tana kuka, ana cin 'ya'yanta. Ya tashi da garin daka a jikinsa, ko kakkaɓewa bai yi ba, ya tafi ceto. Da safe mai lambu ya zo da tsintsiya, ya ga fari da fari, ya share su gaba ɗaya.

"To sai me, Kaka?"

"Uwarsa na nan gindin turmi. Tana jira."

Na yi ta naci a ƙarasa mini, har barci ya ɗauke ni ina ganin fararen fukafukai suna yawo a saman garwashi.

A lokacin na ɗauka ƙwari take koya mini. Sai da na girma na gane shaidar ɗanta take bayarwa, kuma ni ce kaɗai mai saurarenta, yarinya 'yar shekara tara. Wallahi abin yana ci mini rai har yau. Kawu bai dawo ba. Duk tatsuniyoyin Kaka da ƙurunƙus take rufe su, ban da wannan. A buɗe ta bar ta, har ta rasu.