Huffin da Baba ya ɗinka mini

Da na sami 'yancina a ƙasar da aka kai ni bauta, can ƙetaren teku, aikin da ya fara zuwa hannuna shi ne na ƙona ɓawon kawar teku a bakin ruwan wata unguwa da ake kira Itapagipe. A nan ake yin farar ƙasar da ake gini da ita, ake kuma shafe bangayen gidajen da ke kan tudu. Muna jibge ɓawon a cikin wani ƙaton tanderu, a hura masa wuta, in ya huce mu shiga mu kwaso. Garin da ke fitowa fari ne tas kamar na tuwo, amma cin fata gare shi. Kafin wata ya mutu tafin ƙafata ya tsattsage, tari kuma ya kama ni.

Abokan aikina Yarabawa ne. Ba su ƙi ni ba, sai dai in suna raha a harshensu nakan tsinci kalma ɗaya in rasa goma. Na daɗe rabona da jin Hausa a bakin wani.

Wata rana da hantsi garin ya shiga wani tsagu a dugadugina, na zauna a ƙasa ina cewa wayyo Allah. Akwai wani tsoho da ke zuwa gyaran linzamin alfadarai, yana zaune a inuwar mangwaro. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Kai ɗan wace ƙasa ne?" ya tambaya, da Hausa.

Na ce, "Zazzau, Baba. Haka nake tsammani. Ina ƙarami aka ɗauko ni."

"Ni Bakatsine ne. Miƙo ƙafar in gani."

Baduku ne tun daga gida. Ya wanke mini ƙafar da ruwa mai yawa, ya ce ruwa kaɗan shi ke tayar da zafin garin, ko dai a kwarara ko a bari. Da ya dawo ranar Juma'a ya zo da fatu iri biyu, ya ce in zaɓa. Na ɗauki ta akuya saboda laushinta. Ya girgiza kai.

"Wannan ta zuwa biki ce, ɗana. Garin nan zai cinye ta. Ɗauki ta saniya, mu shafa mata mai."

Ya ɗinka mini huffi mai tsawo har ƙwauri, ya bar shi da ɗan yalwa, domin in ya matse gumi zai taru, gumi da garin kuwa ba sa haɗuwa. Ya koya mini shafa manja a wuyan hannu da gefen ido kafin in shiga tanderu, in kuma tsaya iska tana bayana. Ƙyallen rufe hanci ma sai da ya sa na ɗaga shi ga rana. In haske ya ratsa saƙar da yawa, ya ce, ƙura ma za ta ratsa.

Na naɗa ƙyallen kamar amawali, ya rufe baki da hanci. Mai kula da mu, wani Bature, ya tsaya yana kallona, fuskarsa a murtuke. Tun tawayen da Musulmi suka yi a wannan birni a shekarun baya, duk abin da ya yi kama da shigarmu abin tuhuma ne. Baba ya karɓe farin ƙyallen, ya kawo mini wani mai launin ƙasa, ya nuna mini yadda zan ɗaure shi ta ƙeya yadda ba wanda zai ce rawani ne.

Yawancin abokan aikina bayi ne, bawa kuwa ba ya sa takalmi a wannan gari. Na ji nauyin shiga tanderu ƙafata a rufe tasu a waje. Da na faɗa wa Baba, ya yanka musu gutsattsarin fata, suna sawa a tafin ƙafa su naɗe da tsumma. Mai kallo sai ya ɗauka ciwo suka ɗaure. Daga lokacin suka fara matsa mini wuri in ana cin abinci.

Duk ranar da ya zo, in na tashi aiki mukan zauna har la'asar. Yana ba ni labarin marina da kasuwar garinsu, yana gyara mini kalmomin da suka karkace a bakina. Ya ce ina magana kamar yaron da ya tsufa.

Bayan damina biyu ya gaya mini ya sami wuri a jirgin ruwan da zai tafi Ikko, daga can zai bi fatake zuwa arewa.

"Ka zo mu tafi."

"Wurin wa zan je, Baba? Ko sunan ƙauyenmu ban riƙe ba."

Bai matsa ba. Ya bar mini basillarsa da sauran fatar. Na raka shi bakin jirgi da huffin a ƙafata, don ba ni da wani takalmin.

Na ci gaba da aikin shekaru masu yawa. Idanuna sun tsira, ko da yake wasu da muka fara tare nasu sun tafi. In huffin ya huje nakan zauna in ɗinke, ɗinkina bai taɓa kai nasa ba. A cikin tanderu, bakina a rufe, nakan yi wa kaina magana da Hausa, ba mai ji.

Ban sake samun labarinsa ba. Duk jirgin da ya zo daga Ikko nakan sauka bakin ruwa in tambaya. Sau ɗaya na gamu da wani matuƙi da ya iya "ina kwana" da "lafiya lau", iyakar Hausarsa ke nan. Rana ta riga ta karkata, amma na gaishe shi da kwana, ya amsa, na sake gaishe shi. Ya yi dariya, aka kira shi ɗaukar kaya, ni kuma na kama hanyar Itapagipe.