Zubairu Mai Lambu da Barcin Bature

A Nassarawa, unguwar Turawa, rana na yin tsaka sai gari ya mutu. Bature ya dawo daga ofis, ya ci abincinsa, a saki labule, a kunna fanka, ya miƙe. Daga nan har a kai masa shayin la'asar ba dariya, ba kiran wani da ƙarfi, ko famfo sai dai a buɗe a hankali. Mu ma'aikata barcin Bature muke kiran lokacin nan, kuma shi kaɗai ne namu a duk yini. Har doka muke da ita wadda ba wanda ya kafa mana: duk wanda ya kwanta a lokacin, ba a tashinsa.

Ni direba ne a lokacin. Shinge kawai ya raba gidan da nake aiki da na wani Baturen kamfanin gyaɗa da muke kira Mai Lofe. A can Zubairu yake aikin lambu. Mutumin ƙasar Ringim ne, gajere, kakkaura, cin rani ya kawo shi Kano ya maƙale. Har ya bar duniya bai gane amfanin shuka abin da ba a ci ba. Yakan dubi furannin Madam, matar Mai Lofe, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ko akuya ta raina shi." Amma ko sau ɗaya bai bar su da ƙishi ba.

Wajen barcin rana kuwa ban ga na biyunsa ba. Ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, ya yi matashi da takalminsa, ya kifa hula a fuska, shi ke nan an wuce wurin. Cornelius, kukun gidan, wani dogon mutum daga ƙasar Zariya, ya taɓa zuba masa tsaba a kan cikinsa, kaji suka hau suka tsince tas, bai motsa ba. In muka tsokane shi sai ya ce, "Ƙailula sunna ce. Ku da ba kwa yi ku za ku nemi gafara."

Matarsa Kande tana tare da shi a ɗakunan ma'aikata na bayan gida, tana dafa mana wake da shinkafa. Sun haihu, ba wanda ya tsaya, sai suka zama su biyu kamar wa da ƙanwa. Ana saura shekara a sami mulkin kai tari ya kama ta, irin wanda ba ya jin magani. Madam ta jiyo shi daga baranda, ta tuna 'ya'yanta ƙanana, ta ce a fitar da ita daga gidan. Ban ce ba ta da hujja ba. Amma matar nan ko sannu ba ta aiko ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Zubairu ya samar mata ɗaki a Gama, gidan wata tsohuwa Asabe. Daga ranar ya yi sallama da gindin mangwaro. Ana sakin labule sai ya karɓi kwanon romo wajen Cornelius, ya nausa Gama a ƙafa cikin ranar nan mai ƙona tafin ƙafa. Ya ba ta a baki, don ba ta karɓa daga hannun kowa, ya gyara mata shimfiɗa, ya juyo da sassarfa kafin Bature ya farka. An tashi aiki ya sake komawa, ya kwana yana riƙe da ita tana tari. Kande ta san ba tashi za ta yi ba, kuma abu ɗaya ta roƙe shi.

"Malam, in lokacin ya zo, kai nake so ka laƙƙana mini kalmar shahada. Kada ka bar ni a hannun mutane."

Ya ce mata in Allah ya yarda yana nan. Shi ya faɗa mini da bakinsa.

Mutum ya rame muna kallo. Wando ya yi masa yawa, idanu suka yi ja, wani lokaci yana ban ruwa a tsaye kansa na rinjaya. Tsokana ma muka daina, don ba daɗi.

Ranar da abin ya faru ba na nan, na kai maigidana filin jirgi. Cornelius ne ya ba ni labari yana kuka. Madam za ta yi baƙi da yamma, tun asuba Zubairu yake yankan ciyawa da langalanga. Da aka saki labule ya zo karɓar kwano, Cornelius ya ce romon bai ƙarasa ba, ya ɗan jira. Ya je gindin mangwaro ya jingina. Kafin a sauke tukunya barci ya sace shi, bakinsa a buɗe, langalangar na hannunsa. Cornelius ya leƙo ya gan shi, ya ji daɗi har ransa. Ya rufe kwanon ya ajiye.

Ba a jima ba Asabe ta iso bakin ƙofa, zufa ta jiƙe mata mayafi. Ba ta taɓa taka Nassarawa ba, sai da ta yi ta tambaya kafin ta gane gidan. Ga kare a ɗaure yana zare mata ido. Cornelius ya taho da sauri yana ɗora yatsa a baki.

"Baba, a hankali, Bature na barci. Wa kike nema?"

"Malam Zubairu, ɗana. Maiɗakinsa ce ta ce ya zo."

"Ai dama zai zo, ga kwanon nan ma na ajiye masa. Ki bar shi ya ɗan runtsa, mutumin nan rabonsa da barci tun kafin damina. Zauna ki sha ruwa."

Tsohuwa ce ta da, ba za ta tsaya a ƙofar gidan Bature ta gaya wa baƙon namiji cewa mace na gargara ba. Ta karɓi ruwan, ta raɓe a inuwar shinge. Daga inda take tana hango Zubairu, kira ɗaya zai ji. Ta ce mana daga baya ta buɗe baki ya fi a ƙirga, sai ta dubi labulayen nan ta haɗiye. Haka ta zauna har Mai Lofe ya kaɗa ƙararrawar shayi.

Zubairu na buɗe ido ya gan ta, ya zabura ya nausa Gama. Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya iske mata sun cika tsakar gida, an riga an rufe Kande da zane. Wata maƙwabciya ce ta laƙƙana mata kalma. Suka ce duk motsin da Kande ta ji a zaure sai ta juya kai wajen ƙofa. Kafin magariba aka kai ta.

Cornelius ya je har Gama ya durƙusa yana neman gafara. Zubairu ya kama hannunsa ya tashe shi.

"Tausayina ka ji, Cornelius. Me zan yafe maka? Ni ne na zauna."

Mulkin kai ya zo, Mai Lofe ya tattara ya koma ƙasarsu, gidan ya koma hannun wani Alhaji babban ma'aikacin gwamnati. Barcin rana dai bai bi Turawa ba, sababbin iyayen gidan suka gaje shi har da labulen. Zubairu ya ci gaba da lambunsa har ƙarfinsa ya ƙare, 'yan'uwa suka mayar da shi Ringim, can ya rasu. Amma ban sake ganin ya kwanta da rana ba. Ana sakin labule sai ya ɗauki kujerar tsuguno ya zauna a bakin titi. Duk wanda ya zo neman wani ma'aikaci a layin nan, ba ya tambayar dalili, zai shiga ya girgiza mutum ya ce ana sallama da shi. Ya karya mana doka, ya sha zagi wajen masu gadi da masu wanki, ko a jikinsa.

Ni ma wata rana ya tashe ni ina tsakiyar barci mai daɗi. Na fito a firgice, ashe tela ne ya zo tambayar tsawon wando. Na juya kan Zubairu na ce, "Haba Malam, don Allah fa! A kan wando?"

Ya tsaya har na gama, sannan ya ɗauki kujerarsa.

"Yi haƙuri, direba, koma ka kwanta," ya ce. "Barci kam za ka same shi inda ka bar shi."