Gahawar Baba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce tela ya bar kekensa ya shiga abin da ba nasa ba. Amma maganar ta shafi lafiyar mahaifina, shi ya sa na daure.

Bara waccan muka kai Baba gidan likita a Agiye saboda jiri. Aka ɗaura masa abin awo a hannu, aka ce hawan jini ne. Likitan ya ce ya rage gishiri, ya bar shan kafe. Kalma ɗaya ya faɗa, ya kira na gaba.

Da muka koma ƙauyenmu, kan hanyar Gazawa, wani ɗan ƙanen Baba da ya yi zaman Katsina ya karɓe bayanin, don ba ya iya jin magana bai gyara ta ba. Ya ce wa Inna: "Inna, kofi aka hana shi." Inna ta tattara kofunan gidan kaf ta zuba a buhu, ta koma ba Baba abin shansa a kwanon sha, wanda ya ninka kofi girma. Sai da na zo daga Agiye ranar kasuwa na gani. Na ce: "Inna, mi ke nan?" Ta ce: "Ba ku kuka ce kofi ba? Ga shi ko ɗaya bai taɓa ba."

Abin da Baba ke sha kowace safiya tun ina yaro shi ne 'ya'yan rai-ɗore, wannan ciyawar ta bayan gari. Inna ta soya su su yi baƙi, ta daka, ta tafasa. Shi gahawa yake ce masa. Na ce ya dakata. Ya ce: "Kafe aka hana ni, na gwangwani, na masu tebur a tasha. Ka ji an ambaci gahawa?"

Ƙanena yana aiki a wani otal a Maradi, inda ake sa masu farar riga su kai wa baƙi kafe. Na kira shi ya zo. Ya zauna kan tabarma yana kare wandonsa daga ƙasa, ya fiddo salula. Wai a cikinta akwai ƙamus na wurin aikinsu, na kafe kaɗai, kowane suna an aje shi ƙarƙashin uwarsa, in ka nemi wanda ba a yarda da shi ba sai ya tura ka ga wanda aka yarda. Ya ce: "Yaya, nan babu gardama, komi an tsara."

Ya rubuta gahawa. Abin ya ce a duba kafe. Ya ɗaga kai kamar alƙali: "Baba, an kama ka."

Na ce ya nemi rai-ɗore. Ya nema da Hausa, ya nema da Faransanci yadda ya iya. Babu. Ya yi ta ja da yatsa, ina leƙe. Akwai sunan kumfar da ke bisa, akwai sunan mai madara kaɗan da mai madara da yawa, akwai sunan suyar da ta yi duhu da wadda ba ta yi ba. Mutane sun zauna sun raɗa wa kumfa suna! Amma abin da tsoho ke zubawa cikinsa kowace safiya bai samu ko layi ɗaya ba. Ƙanena ya ce in babu shi a ciki, to ba a san da shi ba. Baba ya miƙa wa Inna kwano: "Kin ji, ba a san da shi ba. Zuba mani."

Na koma gidan likita, na tarar an canza wancan likitan. Sabon ya ce bai san ciyawar ba, Baba ya bari dai ya fi. Na ɗauke turmin Inna da 'ya'yan rai-ɗoren na kai shagona. Tun ranar Baba ba ya karyawa da safe, ya rame, in na gaishe shi sai ya dubi bango. In na mayar masa kuma jinin ya hau, ni na yi.

Don Allah, duk wanda ya san ko gahawar rai-ɗore tana cikin kafen da ake hana mai hawan jini, ya bar saƙo wurin telolin bakin tashar Agiye, zai iso ni. Sunan abin na riga na sani. Ina son in ji ko in mayar da turmin.