Kujerar Dakta Ikilima

A taron likitocin zuciya a wani otal a Jabi, mace ɗaya ce tak: Dakta Ikilima, doguwa, tabarau a goshi, zaune kan kujerar roba a bakin ƙofa. Da mai hoto ya shigo, shugaban taro yakan ce, "Hajiya, taho tsakiya, a ga muna da mace!" A kai kujerar, a ɗau hoto, a mayar. Da gani ta daɗe tana wannan zirga-zirga, bincikenta na cikin jaka, ba mai saurara.

Yau da masinjoji suka zo mayar da kujera, sai ta gyara zama.

"Sai dai ku ɗauke mu tare."

Suka ɗauka. Tana sama tana karanta bincikenta, manyan likitoci suna bin ta da kunne har bakin ƙofa.