Baitin Mai Cire Zuma

A shekarun da nake ladanci a Birnin Gwari, tun ba a fara jin labarin Nasara ba, fatake suka kawo mana wata waƙar wa'azi da ajami, ganye bakwai. Manyan ɗaliban zauren liman suka haddace ta, har mata na rera ta wurin daka. Baiti guda ne ya raba kanmu, inda aka ce mai cire zuma ya bar wa ƙudan rabonsu. Wasu suka ce zakka ake nufi, wasu suka ce haƙƙin maƙwabci.

Wani rani muka ji mai waƙar ya yada zango wajen Dogon Dawa, jakinsa ya gurɗe a ƙafa, ayari ya wuce ya bar shi. Liman ya aike ni in gayyato shi, ya zauna da ɗalibai da hantsi, ya yi wa jama'a magana bayan la'asar. Wani maharbi Bagwari ya raka ni ta daji. Duk hanya ina ta ƙiyasta kamannin mai waƙar, don ban taɓa ganin wanda ya tsara littafi da kansa ba. A zatona duk sun rasu tuntuni.

Na tarar da siririn dattijo yana gasa wa jakin ƙafa. Na durƙusa na isar da saƙo. Da ya buɗe baki zai amsa, sai na gane i'ina gare shi mai tsanani.

"Malam ladan," ya ce da ƙyar, "da na iya magana, ai da ban yi rubutu ba."

Na ce, Allah gafarta Malam, ko zama kawai ya yi mu gan shi, ya ishe mu. Ya tambaya ko muna da mai ɗori. Na ce Fulanin bayan ganuwa sun iya. Jin haka ya tashi.

Ranar da muka iso zaure ya cika har waje. Aka karanta masa baitin, ya sa aka maimaita sau uku, sannan ya ce ba nasa ba ne, wani mai kwafa ne ya ƙara a hanya. Shi kuwa sai ya tambaya ko akwai mai sana'ar zuma a cikinmu. Maharbin nan, daga bakin ƙofa, ya ce in ka kwashe saƙar duka, ƙudan sai su bar amyar. Malam ya matso da shi kusa, ya yi ta yi masa tambayoyi har azahar.

Bayan la'asar bai yi jawabi ba, waƙar ya rera, kuma ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Na tsaya ina kallon bakinsa, har yau ban san dalili ba.

Kwana tara ya yi a gidan liman. Kafin ya bi wani ayari zuwa Nufe, ya ari alƙalamina ya rubuta baitin a gefen takardar waƙarsa.